Dokar mallakar ƙirƙira ta canza: Ina makomar ɗan kasuwar Paraku da Jugu?

Duk wanda ya taso daga unguwar Kpebie da sassafe ya nufi kasuwar Arzeke da ke tsakiyar birnin Paraku, idan ya lura da kyau zai ga cewa kusan duk abin da hannunsa ya taɓa a hanya daga gabas ya fito. Babur ɗin ɗan zemijan da ya ɗauko shi ƙirar Indiya ne ko Sin, wayar da ke aljihunsa Tecno ce ko Itel, atamfar da ke jere a rumfuna mafi yawanta daga Sin aka yo odarta, haka nan ƙwayar maganin zazzaɓin da ya saya wa yaro a kantin magani, idan ya juya bayan kwalin, sau da yawa sunan wani gari na Indiya zai gani.

Mu da muka yi shekaru muna fataucin waɗannan kaya tsakanin Paraku da Jugu da Malanbil da Nikki da Cikanda mun san farashinsu da hanyar da suke biyowa, mun kuma san jami'an duwan da ke kowace ƙofa. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, ta yaya ƙasashen da iyayenmu suka sani da kwaikwayon kayan Turawa suka koma masu ƙirƙiro nasu? Wani ɓangare na amsar yana cikin wata doka da ba a cika zancenta a kasuwa ba, wato dokar mallakar ƙirƙira. Dalilin da ya sa muka ɗauko maganar yanzu kuwa shi ne, irin wannan doka ta canza a nan gida, kuma canjin ya shafi mai ƙira da mai saye da mai sayarwa baki ɗaya.

Takardu uku da ake yawan cakuɗawa

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya bambance takardu uku da ake yi wa kuɗin goro. Ta farko ita ce takardar mallakar ƙirƙira, wadda masu jin Faransanci ke kira burebe. Ana ba da ita ga wanda ya fito da wata sabuwar dabara ko na'ura da ba a san ta ba a baya, kuma tana ba shi ikon hana kowa ƙera abin ko shigo da shi ko sayar da shi ba da izininsa ba har tsawon shekara 20. A madadin haka dole ya bayyana wa duniya yadda abin yake aiki, kuma da zarar wa'adin ya cika, kowa na da damar yin irinsa.

Ta biyu ita ce rajistar lamba, wato suna ko tambarin da ke jikin kaya. Ita wannan shekara 10 take yi, ana kuma iya sabunta ta har illa masha Allahu. Ta uku ita ce rajistar zane ko siffa, kamar zanen atamfa ko fasalin buta, wadda a yankinmu take yin shekara 5, a sabunta ta sau biyu, jimla shekara 15. Rikicin da ya fi cin ɗan kasuwa a kan iyaka yawanci na lamba ne da na zane, amma ita takarda ta farko ita ce ke da hannu a farashin magani da waya da injin ban ruwa.

Daga Libarbil zuwa Bamako

Jamhuriyar Benin ba ta ba da burebe ita kaɗai. Tana cikin wata ƙungiya mai suna OAPI da ke da hedikwata a birnin Yawunde na Kamaru, wadda ta haɗa ƙasashe 17, ciki har da Nijar da Togo da Burkina Faso da Mali da Cadi da Senegal da Kodebuwa. Takarda ɗaya da aka samu daga Yawunde tana aiki a dukkan ƙasashen nan lokaci guda. Asalin ƙungiyar yarjejeniyar Libarbil ce ta 1962, sannan aka sake mata tushe da yarjejeniyar Bangi ta ranar 2 ga Maris 1977.

An yi wa yarjejeniyar Bangi babban kwaskwarima a 1999 domin ta dace da dokokin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. A lokacin ne aka mai da wa'adin burebe shekara 20 kai tsaye, alhali a da shekara 10 ne, sai mai takarda ya nuna yana aiki da ita kafin a ƙara masa. Ƙungiyoyin agaji irin su likitocin MSF sun soki wannan gyara a wancan lokaci, bisa hujjar cewa ƙasashe matalauta sun ɗaura wa kansu igiyar da dokar duniya ba ta riga ta tilasta masu ba, kuma hakan zai hana su samun magani mai rahusa.

Gyara na biyu shi ne wanda aka sanya wa hannu a Bamako ranar 14 ga Disamba 2015, ya fara aiki ranar 14 ga Nuwamba 2020, aka riƙa shigo da sassansa daki-daki. Sashen da ya shafi lamba da zane ya fara aiki a farkon 2022, shi kuwa na burebe sai ranar 1 ga Janairu 2025. Abubuwa huɗu ne suka fi shafar mu a ciki. Na ɗaya, OAPI ta ɗauki nauyin tantance ko abin da aka kawo mata sabo ne da gaske, maimakon duba cikar takardu kawai. Na biyu, an buɗe ƙofar da wani zai iya ƙalubalantar buƙata kafin a ba da takarda. Na uku, an amince cewa ƙasashen ƙungiyar da ke cikin jerin mafi ƙarancin ci gaba, wanda Benin da Nijar da Togo ke ciki, ba dole ba ne su kare burebe a kan magani har zuwa ranar 1 ga Janairu 2033. Na huɗu, an ƙara wa duwan iko na tsare kayan da ake zargin na jabu ne a kan iyaka, an kuma ƙara nauyin tarar da ake ci.

Darasin Indiya: a koya tukuna, sannan a kulle ƙofa

Idan ana neman ƙasar da ta yi amfani da wannan doka da wayo, to Indiya ce. A 1970 ta yi dokar da ta ce a fannin abinci da magani ba za a ba kowa mallakar shi kansa maganin ba, sai dai mallakar hanyar haɗa shi. Ma'ana, duk kamfanin Indiya da ya gano wata hanya ta daban ta haɗa ƙwayar da Bature ya ƙirƙiro, doka ta yarje masa ya yi ya sayar. Shekara talatin da 'yan kai masana haɗa magani na Indiya suna wannan aiki har suka goge.

Mu a Afirka mun ga amfanin haka da idonmu. A farkon 2001, lokacin da kuɗin maganin ƙanjamau na mutum ɗaya a shekara ya haura dalar Amurka 10,000, kamfanin Cipla na birnin Mumbai ya yi tayin sayar da haɗin magunguna uku a kan dala 350 a shekara, wato ƙasa da dala ɗaya a rana. A watan Nuwamban wannan shekara aka fitar da sanarwar Doha, wadda ta tabbatar wa ƙasashe cewa suna da ikon fifita lafiyar jama'arsu a kan haƙƙin masu burebe.

A 2005 wa'adin da aka ɗibar wa Indiya ya cika, dole ta fara ba da mallakar shi kansa maganin. Mutane da yawa sun ɗauka masana'antarta ta mutu ke nan. To sai dai 'yan majalisarta sun sanya wani sharaɗi a dokar, cewa ba za a ba da sabuwar takarda ga tsohon magani don kawai an ɗan sauya masa kama ba, sai an nuna ya fi na da warkarwa. A kan wannan sharaɗi ne Kotun Ƙolin Indiya ta yi watsi da buƙatar kamfanin Novartis na Suwizalan a kan maganin sankarar jini mai suna Glivec ranar 1 ga Afrilu 2013. Shekara ɗaya kafin nan, a 2012, hukuma ta ba kamfanin Natco izinin dole na yin maganin sankara na kamfanin Bayer, inda farashin wata ɗaya ya faɗo daga kimanin rupi 280,000 zuwa 8,800, ana kuma biyan mai takardar ladarsa.

Shin gyaran na 2005 ya haifar da ƙirƙira? Ya haifar, amma ba da gudu ba. Manyan kamfanonin ƙasar sun ƙara kuɗin da suke zubawa a bincike, kuma a 2012 kamfanin Ranbaxy ya fito da sabon maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna Synriam. Duk da haka har yau ƙarfin Indiya yana ga magungunan da wa'adin takardarsu ya ƙare. Abin lura shi ne, sai da suka iya aikin sannan suka tsananta dokar.

Darasin Sin: yawan takarda da ingancinta

Ita kuwa ƙasar Sin ba ta da dokar burebe irin ta zamani sai a 1984. Ta yi mata gyara a 1992 da 2000 da 2008 da kuma 2020, kusan kowane gyara yana zuwa ne lokacin da masana'antunta suka hau wani sabon mataki. 'Yan kasuwarmu da suka fara zuwa Gwanzu a farkon shekarun 2000 sun san lokacin da ake ƙera maka kowace irin lamba ka ga dama a jikin kaya. Amma da kamfanonin Sin suka fara samun nasu abin da za a sata, su da kansu suka koma neman kariya. A 2014 aka kafa kotuna na musamman kan wannan fanni a Beijin da Shangai da Gwanzu, sannan gyaran da ya fara aiki a watan Yunin 2021 ya ba alƙali damar ninka diyya har sau biyar ga wanda ya saci ƙirƙira da gangan.

A 2011 ofishin burebe na Sin ya zarce na kowace ƙasa wajen yawan buƙatun da ake kai masa, a 2019 kuma Sin ta sha gaban Amurka a yawan buƙatun da ake shigarwa ta tsarin ƙasa da ƙasa. Sai dai akwai lauje cikin naɗi. Gwamnatocin larduna sun daɗe suna biyan tukuici ga duk wanda ya shigar da buƙata, lamarin da ya sa aka yi ta tara takardun da ba su da wani amfani a masana'anta. A 2021 hukumar ƙasar ta ba da umarnin dakatar da wannan tukuici. Wayar Tecno da ke hannunmu, wadda kamfanin Transsion na birnin Shenzen ke ƙerawa, ta ci kasuwar Afirka ne saboda masu ita sun lura da buƙatarmu ta layi biyu, da batir mai daɗewa, da kyamarar da ke fito da baƙar fata da kyau. Takarda ta zo ne ta tsare abin da aka riga aka gina.

Albasar Galmi da abarbar Allada

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zance na manyan kamfanoni ne kawai. Duk wanda ya taɓa sauke buhun albasa a Malanbil ya san albasar Galmi, wadda manoman yankin Tawa da ke Nijar suka gada kaka da kakanni. A 2006 wani kamfanin sayar da iri da ke Senegal ya kai buƙata OAPI yana neman a ba shi mallakar irin da ke ɗauke da sunan Galmi. Sai da labari ya fito, manoma da gwamnatin Nijar suka tashi tsaye, sannan aka cire sunan Galmi daga buƙatar, kamfanin ya koma da wani suna. Da ba a farga ba, da wani ne can zai riƙe takardar abin da manoman suka raina da guminsu. Daga baya Nijar ta yi wa albasar Galmi da kilishinta rajistar asalin wuri a OAPI, irin rajistar da ke cewa ba mai kiran kayansa da wannan suna sai wanda ya yi shi a wurin kuma bisa ƙa'ida.

Benin ma ta bi wannan hanya. A 2020 abarbar nan mai zaƙi ta tudun Allada ta zama kayan Benin na farko da ya samu irin wannan rajista. Mu a arewa muna da abin da ya cancanci haka, kama daga wagashin Fulanin Borgu zuwa man kaɗanya da doya, amma ba a samun rajista sai masu sana'ar sun haɗa kai sun rubuta ƙa'idar aikinsu.

Inda tattalin arziki ya nufa

Tattalin arzikin Benin yana cikin masu saurin haɓaka a Afirka ta Yamma, inda ya ƙaru da fiye da kashi 7 cikin 100 a 2024. An gina yankin masana'antu na Glo-Jigbe, mai nisan kimanin kilomita 45 daga Kwatano, inda ake sarrafa auduga da kashu da waken suya, kuma daga can aka fara fitar da tufafi zuwa Amurka a 2023. Wanda zai zuba biliyoyin sefa a masaƙa yana son ya tabbata ba za a kwafi zanensa a cika kasuwa da shi cikin wata uku ba. Mun ga abin da ya faru da masaƙun Kaduna da Kano, inda rashin wuta da tsadar aiki suka haɗu da kwararar atamfar kwaikwayo, har babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007. Paraku ma ta ɗanɗana irin wannan da masaƙarta ta COTEB. Saboda haka duk yadda masana'antun gida suka ƙaru, haka matsin lamba a kan kayan jabu zai ƙaru, kuma a kan iyaka za a fara jin sa.

To amma doka ita kaɗai ba ta ƙera komai. Mafi yawan takardun burebe da OAPI ke bayarwa na kamfanonin ƙasashen waje ne. Maƙerin da ke Kpebie wanda ya gyara injin gurzar rogo ya daina cin mai, ko mai waldan Jugu da ya ƙera murhun da ke rage cin gawayi, bai san da Yawunde ba, kuma ko ya sani, kuɗin shigar da buƙata da kuɗin shekara-shekara da rubutun Faransanci sun isa su kore shi. Alhali akwai ƙaramar takarda da aka tanada domin irin waɗannan gyare-gyare, wadda ke yin shekara 10, kuma sharuɗɗanta ba su kai na burebe tsauri ba. Ba basira muka rasa ba, domin a 2016 wani ɗan Benin, Valentin Agon, ya lashe babbar kyautar ƙirƙira ta Afirka ta dala 100,000 da maganinsa na ganye mai suna Api-Palu. Abin da muka rasa shi ne mai haɗa maƙeri da jari da mai rubuta takarda. Jami'ar Paraku, wadda aka kafa a 2001, tana nan kusa da mu, kuma wannan aiki ne da ya dace da malamanta da ɗalibanta.

Abin da ya rage ga ɗan kasuwa

Na farko, mu sani cewa Najeriya ba ta cikin OAPI. Tana aiki ne da dokarta ta burebe ta 1970 da ta lamba ta 1965, rajistarta kuma a Abuja take. Wanda ya yi wa lambar shinkafarsa ko sabulunsa rajista a Abuja ba shi da kariya a Paraku, haka wanda ya yi a Yawunde ba shi da kariya da ya tsallaka Cikanda. Bugu da ƙari, a tsarin OAPI wanda ya riga kai takarda shi ne mai lamba. Ɗan kasuwar da ya shekara goma yana tallata sunan kayansa ba rajista zai iya wayar gari ya tarar wani ya riga shi, ya koma yana jayayya a kotu kan abin da ya gina. Ofishin da ke karɓar buƙatu a madadin OAPI yana Kwatano, ba sai an je Kamaru ba.

Na biyu, mu riƙa karɓar rasit mai sunan dila da lambar kaya, musamman a atamfa da kayan gyaran babur da waya. Sabuwar yarjejeniyar ta amince cewa kaya mai burebe da mai shi ya sayar da yardarsa a wata ƙasa, ana iya shigo da shi nan a sayar. Amma ranar da duwan ta tsare mota, takarda ce kawai za ta raba na gaske da na jabu.

Na uku, mu bambance maganin da aka yi bisa izini bayan wa'adin takarda ya ƙare da maganin jabu. Na farko halal ne a doka, shi ne ma gatan talaka. Na biyu kisan kai ne a ɓoye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko mara inganci. Ba mu manta da samamen da aka kai sashen Ajegunle na kasuwar Dantokpa a watan Fabrairun 2017 ba, inda aka kwashe tan-tan na magunguna, da kuma ɗaurin da aka yi wa wasu manyan dilolin magani a 2018. Sassaucin da aka yi wa ƙasashenmu zuwa 2033 dama ce ta kafa masana'antar magani da shigo da mai rahusa ta hanyar hukuma, ba lasisin kasa ƙwaya a tire ba ne.

Na huɗu, wanda ya ƙirƙiro wani abu kada ya yi gaggawar baje shi a kasuwa kafin ya shigar da buƙata, domin abin da kowa ya riga ya gani ya daina zama sabo a idon doka, balle yanzu da aka fara tantancewa.

Kakanninmu da suka riƙa ratsa Jugu da ayarin jakuna daga Kano zuwa Gwanja neman goro sun san darajar suna. Baƙin rinin Kano da jar fatar Sakkwato ba su buƙaci takarda ba, domin mai masauki da dillali su ne shaida. Yanzu kasuwa ta faɗaɗa, mai kwafin kayanka yana iya zama a wata nahiya, kuma kotu takarda take tambaya. Daga yanzu zuwa 2033 ba nisa. Ya rage ga ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa a Arzeke da Jugu da Malanbil su gayyato jami'an wannan fanni su yi mana bayani da Hausa da Dendi da Bariba, su kuma tara kuɗi su yi wa lamba ko ƙirƙirar ko da mutum ɗaya ne daga cikinmu rajista, domin sauran su ga yadda ake yi.